Ranar da Na Goge Shanun Gangara

Lambar da ke kan allon kwamfutar ta kai biyu cikin ɗari lokacin da Malam Sahabi ya aje kofin ruwa ya ce, "Hotunan shanun dai suna nan lahiya, ko Luba?"

Ƙarshen bazara ne, kwanon shagon har ƙara yake yi don zafi. Na danne maɓallin wuta da babban yatsa har allon ya mutu, na fizge caja, na kifa kwamfutar na zare batir. Sannan na ce, "Waɗanne shanu, Malam?"

"Shanun Gangara mana, waɗanda anka ba Arɗo Dikko amana da kaka. Ai don su nika son ta tashi kahin Alhamis."

Minti biyar kafin wannan magana na share duk abin da ke cikin faifan ajiyar kwamfutar da hannuna, na fara zuba mata sabuwar manhaja a kai.

Ku ukun nan da kunka zo shagona makon jiya kunka ce in koya muku gyara cikin hutun makaranta, don kun ga ina zaune a inuwa ina latse-latse, ku nake rubuta wa wannan. Ban girme ku da yawa ba. Za ni koya muku in kuna so, amma ku fara karanta abin da ya same ni wata biyu da sunka wuce. Har yau in mutum ya tsai da babur da ƙarfi a ƙofar shago sai sukundireba ta suɓuce mini.

Kayan aikina duka suna shiga gwangwanin alewa guda: sukundireba ƙanana uku, tsohon burushin haƙori, hantsaki, mitar auna wuta, kwalbar sifirit, abin goge fensir, filas biyu na zuba manhaja, da tsohon katin waya na ɓamɓare murfi. Ba su ne sana'ar ba. Da na gama sakandare na zauna wurin gwaggona a Isa, nan na shiga shagon Malam Tukur kusa da tasha. Wata shida na farko bai bar ni na kunna komai ba. Kusoshi kawai nake kwancewa, in zana kwamfutar a takarda, in aje kowace ƙusa a kan inda ta fito. Bayan nan ya sa ni kanga kunne ga faifai in faɗa masa mai lafiya da mai ƙwanƙwasa. Tsarin da ya ɗora ni a kai ga kwamfutar da ta ƙi tashi shi ne: ki tambayi mai ita abin da ke ciki, ki sansana ko akwai ƙauri, ki saurara, ki buɗe ki duba, ki kwafe kayan mutane gefe. Sharewa ita ce ta ƙarshe, bayan duk wata dabara ta ƙare.

Na shekara uku ina bin wannan tsari a shagona na Sabon Birni. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, ɗalibai, 'yan kasuwa masu shigo da kwamfuta daga Maraɗi tana magana da Faransanci, duk sun zauna kan bencin nan, kuma kowa da magana ɗaya yake farawa: babu abin da na yi mata. Akwai wani hedimasta da ya rantse mini har sau biyu, na buɗe na tarar da busasshen koko ya manne madannai.

Kwamfutar Malam Sahabi ranar Talata ta zo. Shi malamin dabbobi ne, mai yawo da babur yana yi wa shanu allura. In an kunna ta tambari ya fito, ɗigo-ɗigon nan su yi ta zagaye, allon ya yi shuɗi, ta kashe kanta ta sake farawa. A makon nan na ga irin wannan ciwo sau uku, duka ukun sabuwar manhaja ta warkar da su. Ga zafi, ga shi yana gaggawa, ga ni ina jin na ƙware. Ban tambaya ba, ban buɗe ba. Na sa filas na share.

Kun san shekarar da munka fito. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa daidai lokacin da gero ya yi ciki. Fadama ta tsage, rijiyoyi sunka koma laka, ƙaiƙayi ma sai da aka riƙa saye. Da kaka mutanen Gangara sunka ga in shanunsu sunka tsaya gida ba mai kai damina, sai sunka ba Arɗo Dikko, na rugar da ke bayan Unguwar Lalle, ya haɗa da nasa samarinsa su yi kudu da su. A da baki da shaidu ake yin wannan amana. Amma shaidun duk suna shirin tafiya cin rani, shi ya sa Arɗo da kansa ya roƙi Malam Sahabi, ranar allurar sallama, ya ɗauki hoton kowace dabba mai ita yana riƙe da ita. Malam ya juye hotunan cikin kwamfuta ya rubuta sunaye. Wayar da ya ɗauka da ita kuwa ya sayar ya sayi masara tun watan azumi.

Da aka ji ƙanshin ruwa garken ya dawo, da yawa ba su dawo ba. Makiyayan sun bi al'ada: duk wadda ta faɗi sun yanke kunnenta sun busar, sunka zo da su cikin jakar fata. To amma busasshen kunne ba ya faɗin sunan mai shi, waɗanda sunka rayu kuma sun rame sun canza kama. Kowa ya dubi mai rai ya ce tasa ce. Gardama mafi zafi a kan wata farar saniya bokolo ce da ta dawo da maraƙi. Makiyayan sun ce ta ƙanwar Arɗo ce. Mutumin da ya rantse tasa ce, ya ce an sace masa an kawo masa kunnen wata, shi ne Kawu Labbo, yayan mahaifiyata.

Duk wannan na sani kamar kowa. Abin da ban sani ba shi ne shaidar tana kan teburina.

Na faɗa wa Malam Sahabi gaskiya nan take. Ya miƙe tsaye yana salati da ƙarfi.

"Sharewa? Wa yac ce ki share? Ni na ɗauka gyara kamar allura ne, ana yi wa saniya ba a zubar mata da kayan ciki!"

Hajjo mai fura, wadda ke zama jikin shagona kullum, mu yi hira ta ƙara mini nono, tana jin komai. Tana da saniya cikin garken. Ta rufe ƙwaryarta da faifai tun azahar ba ta yi ba, ta ɗora a ka ta tafi.

Da la'asar Kawu Labbo ya iso bisa babur, tun daga bakin titi yake kira.

"Ina Lubabatu? Ina ɗiyata? Allah shi yi miki albarka! Wa yac ce karatun mata ba shi da rana?"

"Kawu, don Allah ka rage murya. Kuskure ne na yi."

"To, kuskure. Irin wanga kuskure Allah shi ƙaro muna shi."

Ya yi dariya, ya aje mini goro uku kan tebur. Mai shayi, masu faci, direbobin da ke jiran fasinja, babu wanda bai ji ba. Kun san ƙasarmu. Kun san abin da ƙaramar magana tsakanin gari da ruga take iya zama, ba sai na faɗa muku ba.

Kafin magariba Arɗo Dikko ya zo shi kaɗai. Dattijo ne dogo, siriri. Ya jingine sandarsa a waje, ya yi sallama, ya zauna kan benci kusa da Malam Sahabi.

"Ke ce ɗiyar ƙanwar Labbo?"

"Ni ce, Baba."

"An ce kin share."

"Na share, Baba. Ban san abin da ke ciki ba."

Ya dubi kwamfutar da ke kife.

"Ni ban ce da gangan kinka yi ba. Amma samarina sun yi wata bakwai suna bin shanun mutane da ƙafa. Sun sassaro ganye, sun haƙa ruwa da hannu, ɗaya can sunka rufe shi. Sun dawo ana ce musu ɓarayi. Abu guda da za shi fid da su, yau an ce ɗiyar ƙanwar mai ƙara ta goge, shi kuma ya zo ya sa mata albarka a bainar jama'a. Na hana su shigowa gari har Alhamis. Bayan Alhamis ban san ko za su ji maganata ba."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Na yi masa bayani da abin da na san zai gane. Na ce sharewa kamar a tuge gambar da ke kan iyakar gonaki ce: gonakin suna nan, sai dai ba a san inda ta wani ta tsaya ta wani ta fara ba. Zuba sabuwar manhaja kuma kamar a sa garma a bi ta kansu. Ni na tuge gambar duka, garma kuwa ta ci kashi biyu cikin ɗari kafin in tsai da ita. Abin da ba ta taka ba ana iya nemo shi, amma ba ni da kayan, sai wurin maigidana a Isa.

"In kin tahi da faifan ke kaɗai, ko kin dawo da gaskiya ba mai yarda," in ji shi. "Fid da shi gabana."

Na kwance kusoshi biyu na zaro faifan, bai kai tafin hannuna ba. Na naɗe shi cikin soso na sa a leda. Arɗo ya ɗaure da zare ya yi masa irin ƙullinsa, ya sa a aljihun ciki.

"Baba, kada shi faɗi, kada shi sha rana, kada a danne shi."

"Na ƙetare gulbi da maraƙi ɗan kwana ɗaya a kafaɗa, yarinya. Wanga ba shi faɗuwa."

Ranar Laraba munka shiga motar farko, ni a baya cikin mata da gangar kwamfutar a cinya, Arɗo da Malam Sahabi a gaba. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ga Arɗo ya dafe ƙirji da hannu biyu.

Malam Tukur ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Na shirya jin faɗa, sai ya ce, "Kashi nawa ta ci?"

"Biyu, Malam."

"Kin jira ta tsaya, ko kin kashe?"

"Na kashe, na cire batir. Ban sake kunnawa ba."

"To, wannan kam kin tuna. Zauna nan. Ke kinka share, ke za ki nemo."

Ga yadda ake yi, ku riƙe. Faifan da aka share ba a sake rubuta masa komai, ko ɗigo. Ana jona shi da waya ga wata kwamfuta mai lafiya, a sa manhajar bincike ta bi shi daga farko har ƙarshe tana tsintar duk abin da ya yi kama da hoto, ta zuba a wani faifan daban. Arɗo ya kwance ƙullinsa da kansa. Na jona. Na kanga kunne, na ji yana juyawa sumul babu ƙwanƙwasa. Binciken farko, mai sauri, wanda kan dawo da komai da sunansa, bai ga komai ba, garmata ta riga ta bi ta kan wurin da ake aje sunaye. Saura dogon bincike. Allon ya ce awa biyar.

Wuta ba ta ba mu matsala ba. Ranar da ta ƙone gero ita ce ta cika batiran solar shagon tun da hantsi. Zafi ne abin tsoro. Da awa ɗaya ta wuce faifan ya yi ɗumin da ba na so, fankar shagon kuma iska mai zafi take turowa. Malam Tukur ya ɗora shi kan murfin tukunya na ƙarfe ya miƙo mini mafici. Arɗo ya karɓe daga hannuna. Ya zauna a ƙasa yana yi wa faifan fifita, ba ya tashi sai salla, in ya tashi Malam Sahabi ya karɓa.

"Ke kuma kada ki zauna kina ƙirga lamba," in ji Malam Tukur. "Buɗe gangar ki gaya muna ciwon da kinka yi wa magani."

Na kwance murfin ƙasa. Ina ɗagawa tururuwa sunka watse kan tebur. Sun yi gida a kusurwar fanka, har da ƙwai, da 'yan ƙwayoyin gero da sunka tara. Ƙafafun ram, ɗan allon nan da kwamfuta ke tunani da shi, sun yi kore kamar tsohon kwabo.

"Malam Sahabi, ina kake aje ta?" in ji maigidana.

"Ƙarƙashin randa. Zahi take yi ƙwarai, har tana ƙona cinya. Na ga yashin gindin randa shi kaɗai ke da sanyi cikin gida, nan uwargida ke aje tumatir. In na gama aiki sai in shimfiɗa buhu in kwantar da ita ta huce."

Malam Tukur ya cire tabarau ya share ido don dariya. Arɗo bai yi dariya ba, ya ce ai Malam ya yi tunani, ko tururuwar ma sanyin ta biyo, bana kowa ruwa yake nema.

Na kakkaɓe da burushi, na wanke da sifirit, na goge ƙafafun ram da abin goge fensir har sunka yi ƙyalli, na bar su sunka bushe. Munka sa wani faifai na aro. Na kunna. Ta tashi tsaf, ko tari ba ta yi ba. Aikin minti ashirin ke nan. Manhajarta lafiya lau take tun farko, ni ce na yi wa mai ciwon ƙafa fiɗar ciki. Malam Tukur ya tura mini kwamfutar gabana ya bar ni ina kallonta.

Bayan azahar hotuna sunka fara fitowa. Babu suna ko ɗaya, lambobi ne kawai, kuma a hargitse: bikin ƙanen Malam, bakin akuya mai ciwo, takardun ofis, hotunan da kwamfuta ke tarawa da kanta, dubbai. Wasu sun fito rabi, sama hoto ƙasa toka. Malam Sahabi ya dafe kai.

"Sunayen sun tahi. Wata biyu na yi ina rubuta su."

Ina cikin wuce hotunan sai ga wata jar saniya mai dogayen ƙaho, wani mutum da hular saƙa yana riƙe da igiyarta. Arɗo ya saki mafici ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ya kira saniyar da sunanta na Fillanci, a hankali, kamar tana jinsa.

"Wagga ta Mamman mai gyaran rijiya ce, ga shi nan. Tana raye. Mi za mu yi da rubutu, Malam? Ga fuska, ga saniya."

Nan na ga akwai mafita. Amma bincike bai ƙare ba sai gab da la'asar, kuma ba mai bin hanyar nan in rana ta yi sanyi saboda rashin tsaro. Babu lokacin tacewa. Munka juye komai cikin faifan aro, Arɗo ya rungume kwamfutar, munka ruga tasha. A mota Malam Sahabi ya juyo ya faɗi abin da nake ta gudun tunawa.

"Luba, ko duka sun fito, in ta Labbo ce kaɗai ba ta fito ba, kin san abin da za a ce."

Na sani. Kashi biyu sun tafi har abada, kuma ban san na wa ne a ciki ba.

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a ƙofar Maigarin Gangara. Mutanen gari a gefe ɗaya na inuwar, mutanen ruga a ɗaya gefen, samarinsu a tsaye a baya. Shanun suna cikin wata saurar gona bayan gari. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakiya, aka kifa turmi aka ɗora kwamfutar, Maigari da Arɗo da liman sunka zauna inda suke ganin yatsuna. Inna, mahaifiyata, ta zo, tana can cikin mata. Hajjo ma na hango ta.

Na fara wucewa ɗaya bayan ɗaya. In saniya ta fito sai in tsaya, a kira mai fuskar ya matso. Makiyayi ya ce tana raye, a je a koro ta a gwada da hoton. Ko ya ce ta faɗi a wuri kaza, a zazzage jakar fata a nemo kunnen da tsagarsa ta yi daidai. Da farko da ƙunƙuni ake yi. Can sai wurin ya yi tsit, don mutane sun ga shanunsu yadda suke kafin yunwa, da tozo da ƙyalli. Wata tsohuwa ta ce in ɗan dakata, ba don saniyar ba, ɗanta ne ke riƙe da igiyar, tun kaka ya tafi cin rani ba labari. Na dakata har ta ce to.

Rana ta ɗaga. Batir ya sauko rabi, ya wuce rabi. An raba shanu da yawa, wasu sun tafi da igiya, wasu da kunne. Hoton Kawu Labbo bai fito ba. Na ga samarin ruga sun daina kallon allo, ni suke kallo. Wani daga cikinsu ya yi magana da Fillanci, Arɗo ya ɗaga hannu bai waiwaya ba. Kawu kuwa yana zaune gaba-gaba yana tauna goro, har ƙifta mini ido yake yi.

Saura kaɗan hotunan su ƙare na buɗe wani da ya fito rabi. Daga tsakiya zuwa ƙasa toka ce zalla. A sama kuwa ga Kawu da jar hularsa yana washe baki, ya rungumo kan wata farar bokolo.

"Ga ni nan!" in ji Kawu, ya miƙe. "Ga ni ga saniyata. A kawo ta!"

"Ɗiyata, ana iya ƙara girman kan nan?" in ji liman.

Na ja hoton har kan saniyar ya cika allo. Akwai baƙin tabo a saman idonta na dama. Kunnen hagu yana da tsaga biyu, ɗaya doguwa ɗaya gajera.

Aka koro bokolon da ake gardama a kai, maraƙinta yana biye. Maigari ya tashi da kansa ya kama kanta ya juya. Fuskarta fara fat, kunnenta tsaga ɗaya. Wani saurayi daga cikin na baya ya fito, ya durƙusa gaban jakar fata, bai ko yi lalube ba ya zaro kunne guda ya aje kan turmi kusa da allon. Tsaga biyu, doguwa da gajera.

"Kwana huɗu na yi ina ɗaga ta da sanda, Baba Labbo," in ji saurayin. "Ruwan gorata na ba ta."

Kawu ya ɗauki kunnen ya juya shi, ya sake juyawa. Ya dubi allo.

"Ita ce," ya ce a ƙarshe. "Allah shi mayar da alheri." Ya sa kunnen a aljihu, ya juyo gare ni. "Ke kuma, Lubabatu, duk hotunan duniya da sunka lalace, ki rasa wanda za ki ceto sai wanga? Maido mini gorona."

Wani ya fashe da dariya daga gefen gari, ta kama gefen ruga, har Maigari sai da ya rufe baki da hannun riga.

Arɗo ya bari aka lafa. Ya miƙe, ya juya ga mutanensa ya yi magana da Fillanci, ba mai tsawo ba. Na ga samarin suna saukar da sandunansu daga kafaɗa suna zama. Sannan ya juyo ya yi ta Hausa yadda kowa zai ji.

"Yarinyar ga ta yi kuskure, ta faɗa da bakinta tun ba a tambaye ta ba. Na bi ta Isa na dawo, idona bai bar hannunta ba. Ba ta ɓoye na kowa ba, har na kawunta. Luba, gobe ki buɗe shagonki. Ki bi hanyar ruga da rana tsaka in kin so. Wanda duk yat taɓa ki, ni yat taɓa."

Na ce, "Na gode, Baba." Na rufe kwamfutar na miƙa wa Malam Sahabi. Jama'a na watsewa, ana kora shanu, ni ina nan zaune kan tabarma gaban turmi, har ladan ya kira azahar, Inna ta zo ta kama ni ta ɗaga.